Fostar Takarda da Fostar Na'ura Wajen Koyar da Ilmin Harhaɗa Magunguna a Sakkwato

Gabatarwa

Daga cikin kayan koyarwa da suka sami gindin zama a tsangayoyin kimiyya na jami'o'in ƙasar nan akwai abin da ake kira fosta, watau babban shafi guda wanda ake tattara bayanin wani batu a kansa, da rubutu da zane da jadawali, a kafa shi inda mutane za su tsaya su karanta, mai shi kuwa yana tsaye a gefe yana amsa tambayoyi. Kalmar baƙuwa ce, daga Ingilishi aka aro ta, kuma yawancin Hausawa ta hanyar siyasa suka san ta, saboda hotunan 'yan takara da ake mannawa a bango. Jam'inta, fastoci, ya yi karo da jam'in fasto, malamin coci, amma muhallin magana yakan raba gardama.

A 'yan shekarun nan fostar ta rabu gida biyu. Akwai wadda ake bugawa a takarda ko a kan leda mai kauri. Akwai kuma wadda ba ta taɓa zama takarda, sai dai a haska ta a fuskar kwamfuta ko ta majigi, ko a tura ta cikin wayar hannu. A nan za a kira ta farko fostar takarda, ta biyun kuwa fostar na'ura. Malamai da yawa sukan ɗauki zaɓi tsakaninsu a matsayin maganar kuɗi da zamani kawai. To, a fannin harhaɗa magunguna abin ya wuce nan, domin ɗalibin da aka horar shekara biyar ko shida, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, shi ne mutum na ƙarshe da majinyaci yake magana da shi kafin ya kai magani bakinsa. Abin da ya zauna a kan wannan ɗalibi daidai, da abin da ya zauna a karkace, duka a jikin wani za su bayyana. Wannan maƙala za ta dubi abin da kowace irin fosta take koyarwa, da inda take gazawa, bisa la'akari da halin birnin Sakkwato da harshen mutanensa.

Tushen al'amarin

Rubuta ilmin magani a taƙaice domin mai koyo tsohon abu ne a Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bar risaloli da dama a kan ɗibbu, cikinsu har da wadda ya keɓe ga ciwon ido, da wadda ya keɓe ga basir, da wata a kan ganyen sana, dangin filasko, da yadda ake amfani da shi wajen sassauta ciki. Baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo shi ma ya taɓo sha'anin lafiyar jiki a littafinsa Masalihul Insan. Abin lura game da irin waɗannan risaloli shi ne gajartarsu: cuta guda ko tsiro guda, cikin 'yan waraƙoƙi kaɗan waɗanda almajiri zai iya kwafewa ya riƙe. Sana kuwa har yau tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Makarantar allo ma ta san shafi iri biyu. Akwai allon yau da kullum, wanda ake rubutawa, a biya, a hardace, sa'an nan a wanke a ɗora wani. Akwai kuma allon zayyana, wanda ake ƙawatawa domin ranar sauka, ɗalibi ya riƙe shi ya karanta a gaban malamai da dangi. Na farko ba a yi shi don ya daɗe ba. Amfaninsa ya ƙare da zarar karatun ya koma ka. Na biyu kuwa an yi shi ne don idon jama'a, kuma mai shi ba ya tsira sai ya buɗe baki. Duk wanda ya fahimci bambancin waɗannan alluna biyu ya kama hanyar fahimtar abin da ke tafe.

Horar da masu ba da maganin asibiti a Arewa ya faro ne da makarantar da aka buɗe a Zariya a 1930, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauki aikin a matakin digiri. A wannan zamani ne kuma gwamnati ta riƙa wayar da kan talakawa game da tsabta da cututtuka ta hanya biyu: majigi, wanda mota take kaiwa gari-gari a haska da dare a ƙofar fada, da kuma takardun da ake bugawa a Zariya, musamman bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da hukumar NORLA a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci. Lardin Sakkwato yana da tasa jaridar a wancan zamani, Zaruma. Ashe ke nan gasar hoton haske da hoton takarda ta girmi kwamfuta a ƙasar Hausa. Majigi yakan tara mutane fiye da takarda nesa ba kusa ba, amma da gari ya waye motar ta wuce, takardar da aka manna a bangon asibiti ita ce take saura.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ta fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, aka sake mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988. Tsangayar harhaɗa magunguna ta zo daga baya, a cikin wannan ƙarni, kuma daga cikin sassanta akwai wanda ya haɗa nazarin tsirran magani da nazarin magungunan gargajiya na al'umma. Ɗalibanta a Ingilishi suke karatu. Mutanen da za su yi wa aiki a Asibitin Koyarwa, da Asibitin Ƙwararru, da ƙananan asibitocin Wurno da Gwadabawa da Illela, galibinsu da Hausa za su yi tambaya, wasu da Fulatanci ko Zabarmanci.

Abin da fosta take yi wa mai yin ta

Baje sakamakon bincike a kan fosta a tarurrukan masana ya fara yaɗuwa ne a Turai da Amurka wajen ƙarshen shekarun 1960 da cikin na 1970, sa'ad da masu son gabatar da maƙala suka fi ƙarfin lokacin taro. Daga can ne malamai suka jawo dabarar zuwa aji. Girman da aka fi amfani da shi, wanda ake kira A0, milimita 841 ne a faɗi da 1189 a tsawo, watau murabba'in mita ɗaya cif. Wannan iyaka ita ce malama ta farko. Ɗalibin da aka ce ya bayyana maganin zazzaɓin cizon sauro a murabba'in mita ɗaya, da haruffan da za a iya karantawa daga taku biyu ko uku, tilas ya zauna ya tace: me za a faɗa, me za a bari, me ya kamata ido ya fara sauka a kai. Wanda bai fahimci batun ba ba ya iya tacewa, sai ya kwashe littafi ya zuba, kuma malami mai lura yakan gane haka tun daga nesa, da ganin cunkoson rubutu.

Malama ta biyu ita ce tsayuwa a gaban fostar. Binciken da Roediger da Karpicke suka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta daga ka sun fi riƙe shi bayan mako guda, bisa ga waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Malamin zaure ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ya sa ake kife allo a ce yaro ya kawo hadda. Ɗalibin da mutum goma suka tsaya a kan fostarsa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tambayarsa, ya kawo hadda sau goma ke nan.

A nan ne bambanci na farko yake fitowa. Fostar na'ura ba ta da gefe na haƙiƙa. Ana iya ƙara mata shafi a bayan shafi, a ƙanƙanta rubutu tun da mai karatu zai iya buɗa shi da yatsa, a liƙa mata mahaɗin da zai kai mutum wani wuri. Idan malami bai gindaya iyaka da kansa ba, wahalar tacewa ta tafi, ilmin da ke cikinta ma ya bi ta. Haka kuma idan gabatarwar ta zama tura fayil cikin zauren WhatsApp na aji, kowa ya duba a ɗakinsa, to an yi zayyana ba a yi sauka ba.

Ido a kan takarda, ido a kan gilashi

A 2018 wasu masana na Sifen da Isra'ila, Delgado da abokan aikinsa, suka tattara bincike 54 da aka gudanar tsakanin 2000 da 2017, waɗanda suka shafi mutum fiye da 170,000, domin gwada fahimtar karatu a takarda da a fuskar na'ura. Sun sami cewa takarda tana da ɗan rinjaye, kuma rinjayen ya fi fitowa a rubutun bayani irin na ilmi da kuma inda aka ƙayyade lokaci. A labaran hira bambancin bai taka kara ya karya ba. Kafin nan, a 2011, Ackerman da Goldsmith sun lura da wani abu da ya fi wannan tayar da hankali: masu karatu a na'ura sukan ɗauka sun fahimta fiye da yadda suka fahimta, saboda haka sukan bar karatun da wuri. Waɗannan bincike a kan karatun nassi aka yi su, fosta kuwa rabinta zane ne, don haka bai kamata a ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ba. Duk da haka darasin ya shafi mai harhaɗa magunguna kai tsaye. A wannan sana'a wanda ya san bai sani ba yakan buɗe littafi ya duba. Mai haɗari shi ne wanda ya tabbata alhali ya kuskure.

Fostar takarda tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba, ita ce zama a bango. Ɗauki jadawalin maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa, haɗin atimita da lumefantirin, mai ƙarfin miligiram 20 da 120: ƙwaya ɗaya ga yaro mai nauyin kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu daga 15 zuwa ƙasa da 25, uku daga 25 zuwa ƙasa da 35, huɗu ga wanda ya kai 35, sha shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara. Ɗalibin da yake wuce wannan jadawali a bangon ɗakin gwaji safe da yamma, zango guda, zai hardace shi ba tare da ya yi niyya ba, har ya riƙa tuna cewa layin yara ƙanana yana sama ta hagu. Tun 1885 Ebbinghaus ya nuna cewa maimaici a rarrabe ya fi maimaici a dunƙule zama a ƙwaƙwalwa. Fostar na'ura kuwa sai an neme ta ake ganinta, kuma tana zaune ne a waya ɗaya da saƙonnin dangi da wasan ƙwallo.

Amma fa akwai abubuwan da takarda ba za ta taɓa iya koyarwa da kyau ba, su ne abubuwa masu motsi. Yadda mai ciwon asma zai girgiza abin shaƙarsa, ya fitar da numfashi, ya danna daidai lokacin da ya fara ja, ya riƙe numfashin. Yadda ake jan allurar insulin. Yadda ake ɗiga maganin ido ba tare da bakin kwalba ya taɓa idon ba: hoto shida a jere ba su kai majigin rabin minti ba. Haka nan a darasin sinadarai, inda wasu magunguna suke da siffa biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu amma aikinsu a jiki ya bambanta, juya siffar a fuskar kwamfuta yana warware abin da zane a kwance yake rikitarwa. A nan na'ura ta yi zarra, ba gardama.

Darasin tsirrai ya faɗa tsakani. Filasko da tafasa da rai-ɗore dangi ɗaya ne, kuma ɗalibin birni wanda bai taɓa zuwa gona ba yana iya rikita su. Na'ura za ta buɗa masa hoton ganye har ya ga jijiyoyinsa. Fostar takarda kuwa ana iya liƙa mata busasshen ganyen kansa da kwanson 'ya'yansa, ya taɓa, ya sansana, ya ga ainihin girmansa, abin da hoto a waya yake ɓoyewa. Masu sayar da sassaƙe a kasuwa da hanci da yatsa suke tantance kayansu, kuma mai digirin da zai yi hukunci a kan kayan nasu bai kamata ya gaza su a nan ba.

Sai kuma halin wuri. A watannin Maris da Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura takan shiga ko'ina; na'ura ba ta son ko ɗaya. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, hasken rana mai ƙarfi yakan dusashe majigi a ɗakin da ba labule. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, ɗalibin da ya je gida a can ya rabu da duk abin da bai riga ya sauke a wayarsa ba. Ta ɗaya ɓangaren, shekarar 2020, da annobar korona da yajin aikin malaman jami'a suka rufe azuzuwa wata da watanni, ta nuna cewa fostar da ke bangon ɗakin da aka kulle ba ta koyar da kowa. Buga babbar fosta mai launi kuma kuɗi ne daga aljihun ɗalibi, kuma kuskure ɗaya a adadin magani yana nufin a sake bugawa, ko a shafe da alƙalami, ko, mafi muni, a bar shi haka.

Tsufan fosta

Babban aibin fostar takarda shi ne ba ta san ta tsufa ba. Nijeriya ta sauya manufarta ta maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005, ta bar kulorokwin saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma haɗin magungunan da ke da atimisinin. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Duk fostar da aka buga kafin waɗannan shekaru, in tana nan a bango, tana koyar da abin da aka riga aka bari, kuma tana koyar da shi da irin natsuwar da take koyar da gaskiya.

Misalin ruwan gishiri da sukari ya fi kowane bayyana yadda hoto yake tsufa ko da kalmominsa ba su canza ba. A shekarun 1980 an yi ta koya wa iyaye mata haɗa wannan ruwa domin yaro mai gudawa, ma'aunin ruwan kuwa mililita 600, wanda aka kwatanta da kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. Kwalbar giya dai ba ma'aunin da za a nuna wa matar aure a Sakkwato ba ne, saboda haka ta lemo ce ta yi aiki. To, yau lemo yana zuwa a robobi masu girma dabam-dabam, sai ga hoton kwalba biyu ya zama tarko. Ban da haka, a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun rage gishiri da sukarin da ke cikin haɗin da ake ƙullawa a leda, a 2004 kuma suka ƙara shawarar ba yaro zinki na kwana 10 zuwa 14.

Fostar na'ura ana gyara ta cikin minti ɗaya, amma gyaran ba ya bin kwafen da suka riga suka bazu. Tsohon fayil yana yawo daga waya zuwa waya shekara da shekaru, kuma shi ba ya yin ja ko ya yage balle a gane ya kwana biyu. Saboda haka ƙa'ida ɗaya ta hau kan duka biyun: kowace fostar magani ta ɗauki watan da shekarar da aka yi ta, da sunan littafin ƙa'idar da aka dogara da shi, a wurin da ido zai gani. Ɗalibin da aka rage wa maki don ya manta kwanan wata ya koyi wani abu game da sana'arsa wanda ba ya cikin jadawalin darasi. Wasu sukan haɗa biyun ta hanyar buga tambarin QR a gefen fostar takarda, wanda waya za ta karanta ta kai mutum ga sabon bayani ko ga majigin da takardar ba ta iya nunawa.

Matsalar harshe

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi ɗalibi a ko'ina. Abin da ya keɓanci ɗalibin Sakkwato shi ne ratar da ke tsakanin harshen da ya yi karatu da shi da harshen da zai yi aiki da shi, kuma fosta tana daga cikin wurare kaɗan a karatunsa da za a iya tilasta masa ya tsallaka wannan rata tun yana gaban malami.

A ɗauki umurnin da ya fi kowane yawa a bakin mai ba da magani, “sau uku a rana”. A littafi ma'anarsa kowace awa takwas. A Hausa kuwa rana tana nufin yini da kwana gaba ɗaya, tana kuma nufin tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, don haka mai jin umurnin yana da hujja in ya shanye uku ɗin kafin magariba ya bar dare duka ba magani. Ɗalibin da aka sa ya rubuta wannan a fostar Hausa zai gano da kansa cewa agogon da kowa yake bi a garin shi ne na salla: bayan asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya sun raba yini kusan awa takwas-takwas. Zai kuma yi karo da tambayar watan azumi, wadda littafin da aka rubuta a Ingila bai damu da ita ba. Haka “cokali ɗaya”: a littafi mililita 5 ne, a gida kuwa cokali ya kama daga na shayi har zuwa na cin shinkafa. Hoton murfin awo da layi a kansa ya fi kalmar aminci.

Sunayen cututtuka ma ba su faɗa daidai kan na asibiti ba. Shawara, da sanyi, da daji, da rana, kowanne yana rufe abubuwa da yawa waɗanda likita zai rarrabe. Abin da Bakano zai kira zazzaɓi, Basakkwace ya fi cewa masassara. Kwana a bakinsa yana iya zama barci, don haka “kafin kwana” da “kwana uku” suna buƙatar kulawa. Itacen da ake kira darbejiya a Kano, bedi ne a Katsina, dogon yaro a wasu wurare. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin cuta da magani tare da nuna karin harshen da suka fito, kuma a Sakkwato kanta Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya daɗe yana nazarin magungunan Hausawa. Kayan aiki suna nan. Abin da ya rage shi ne ɗalibin harhaɗa magunguna ya san da su. Hausa ba ta da talaucin kalmomin sarrafa magani: jiƙo, tsimi, sirace, turare, shafi, matsi, ɗauri, kowanne yana nuna yadda aka haɗa maganin ko ta inda yake shiga jiki. Wanda ya rubuta “a sha” a kan maganin matsi don bai san kalmar ba ya jawo abin da ba a so.

Zane ma yana da harshe. Ros Dowse da abokiyar aikinta Ehlers, na Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu, sun gwada hotunan umurnin magani a kan mutanen da karatunsu bai yi zurfi ba, suka sami cewa hotunan da aka zana bisa al'adar wurin sun fi fahimtuwa bisa ga waɗanda aka ɗauko daga Amurka. A ƙasar Hausa kuma Nina Etkin da abokan aikinta, a binciken da suka yi a wani ƙauye na ƙasar Kano, sun nuna cewa mutane sukan fassara aikin maganin asibiti ta launinsa da ɗanɗanonsa, kamar yadda suke yi wa na gargajiya. Hoton faranti da wuƙa da cokali mai yatsu ba ya cewa “abinci” ga wanda yake cin tuwo a kwano. Wannan jarabawa tana da sauƙi ga mai fostar na'ura, domin hotunan da aka riga aka zana a wasu ƙasashe suna nan birjik, dannawa ɗaya ya ɗauko.

Akwai kuma haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930 amma har yau ba kowane salon haruffan kwamfuta ne yake ɗauke da su ba. Sau da yawa ɗalibi yakan rubuta daidai a kwamfutarsa, a kai wa mai bugawa, na'urarsa ta mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna, ko ta zubar da ƙugiyar. A wasiƙa wannan ƙaramin abu ne. A fostar magani kuwa ƙashi ya koma kashi, ɗiga ta koma diga, gargaɗin cewa magani yana jawo ɓari ga mai ciki ya koma bari. Fostar na'ura ma ba ta tsira ba, tun da fayil yakan sauya kama daga waya zuwa waya in ba a daskarar da shi ya zama hoto ba. Dole a duba gwajin bugu kafin a biya kuɗi, kuma wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ne zai duba. Jami'ar da take da sashen harsunan Nijeriya da cibiyar nazarin Hausa ba ta rasa irin wannan mutum ba.

A ƙasar Sakkwato akwai dattawa da mata da yawa waɗanda boko bai zauna musu ba amma suna karanta ajami ba tangarɗa. Fostar takarda tana karɓar ajami cikin sauƙi, ko da da hannu aka rubuta aka ɗauki hotonsa, alhali buga shi a kwamfuta da wasullansa da irin rubutun warshu da aka saba da shi yana da wuya har yanzu. Ga wanda ba ya karanta ko ɗaya kuwa, fostar na'ura tana da abin da takarda ba ta da shi, watau murya. Ana iya liƙa mata bayanin minti ɗaya da Sakkwatanci ko Fulatanci, uwa ta saurara a waya, ta sake saurara a gida lokacin ba yaro magani na biyu. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina, aikin da Jihar Sakkwato take cikinsa, ma'aikaci ne yake ba da shan ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ake barinsu. Ɗalibin da aka ba aikin ya shirya wa wannan uwa bayani, shafi ɗaya da boko da ajami domin bangon asibiti da murya ta minti ɗaya domin wayar gidan, sa'an nan aka kai shi ya gwada su a kan mata biyar a layin karɓar magani ya ji abin da suka fahimta, zai dawo da gyare-gyaren da za su cika bayan takardar.